DARASIN WANNAN WATA: BATIR MAI DASKARARREN CIKI

Domin ƙungiyoyin manoma, zumuntar mata da matasa na ekklesiyoyin yankin Bena. A raba darasin zama biyu.

Karatu: Farawa 2:15, Luka 14:28-30.

Kayan da jagora zai tanada: allo da alli, soso, kofin ruwa, da tsingaro biyu na fasasshiyar tukunya.

Gabatarwa

Bayan kakar bara, ekklesiyar wani ƙauye da mu ke kai wa ziyara ta sayar da dawar da aka kawo baikon godiya, ta ware kuɗin domin sayen batirin sola na ɗakin shan magani. Tsohon batirinsu ya mutu bai cika shekara biyu ba, har ungozoma ta koma karɓar haihuwa da hasken wayar hannu. Da ma'aji ya je kasuwa, sai wani mai kanti ya nuna masa batir baƙi mai rufaffen baki, ya ce sabon iri ne marar ruwa, irin wanda a ke sa wa motocin lantarki a ƙasashen waje, ba ya kama wuta, ba ya mutuwa. Kuɗinsa ya kusa ninka na sauran. Allah ya taimaka ma'aji bai biya ba, ya dawo ya tambaye mu. Da muka je muka karanta rubutun jikinsa, muka ɗaga shi mu biyu da ƙyar, sai muka gane batirin dalma ne na yau da kullum, wanda aka toshe bakinsa tun daga masana'anta.

Amma fa mai kantin nan wani labari ya ji, ya ɗora ƙaryarsa a kai. Lalle akwai sabon batir da manyan kamfanonin mota su ke ƙoƙarin ƙerawa. Turawa suna kiransa solid sitet, mu kuwa a nan za mu kira shi batir mai daskararren ciki. Za mu ƙara jin sunansa a rediyo da bakin 'yan kasuwa. Saboda haka ya kamata mu san mene ne shi, ina aka kai wajen yinsa, da kuma inda maganarsa ta taɓa aljihunmu da gonakinmu da lafiyar 'ya'yanmu.

ZAMA NA FARKO

1. Yadda batir ya ke aiki

Ku ɗauka ga ƙauyuka biyu, rafi ya ratsa tsakaninsu. Haka cikin kowane batir ya ke. Akwai gefe mai alamar tarawa (+), akwai gefe mai alamar ɗebewa (-), sa'an nan akwai wani abu a tsakiya wanda za mu kira mashigi. Matafiya iri biyu ne a ciki, dukansu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Na farko sunansu ayon, su kan ratsa ta mashigi daga wannan gefe zuwa wancan. Na biyu sunansu ilektiron. Su mashigi ba ya barinsu su wuce, dole su zaga ta waje, ta cikin wayar wuta. Wannan zagaye da su ke yi shi ne wutar da ke kunna ƙwan fitila, ta juya fanka, ta tura mota. In an sa batir caji, kora matafiyan a ke yi su koma inda suka fito, domin su sake tafiyar.

Abin kiyayewa shi ne kada gefen nan biyu su taɓa juna. In suka taɓa, wutar duka ta kan kwarara lokaci ɗaya, batir ya yi zafi, wani lokaci har ya kama da wuta.

2. Batura da ke hannunmu yau

Batirin tocila. Kwanonsa na tutiya ne, cikinsa kuwa wani baƙin ƙulli mai damshi. Mu kan ce busasshe ne, amma da danshi ya ke aiki. In ya ƙare ba a yi masa caji.

Batirin dalma. Shi ne na mota da babur da yawancin sola na ƙauye. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki bolt 2, shi ya ba da bolt 12. Mashiginsa ruwan asid ne mai cin tufafi da fata. Akwai irinsa mai rufaffen baki, wanda aka daskarar da asid ɗinsa kamar kamu, ko aka jiƙa shi cikin wani auduga na gilas. Ba a ƙara masa ruwa, amma dalma ce dai da asid a ciki. Irinsa ne aka so a sayar wa ma'aji.

Batirin litiyam. Shi ne na wayar hannu da kwamfuta da motocin lantarki na yanzu. Litiyam shi ne ƙarfe mafi rashin nauyi cikin dukan ƙarafa. Stanley Whittingham ya fara aikin a shekarun 1970, lokacin da man fetur ya yi tsada a duniya. John Goodenough ya ƙara a kai a 1980, Akira Yoshino na Japan ya gyara shi a 1985 ya zama ba shi da hatsari kamar da. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Mutanen nan uku sun sami lambar Nobel a 2019. Mashiginsa wani ruwa ne mai kama wuta, dangin fetur, wanda aka narkar da gishirin litiyam a ciki. Wata leda ce siririya, ba ta kai kaurin takardar littafi ba, ke raba gefen biyu.

Jagora ya rubuta wannan a allo. A kan auna ƙarfin da batir ya ke riƙewa da wat-awa. Kilo ɗaya na batirin dalma ya kan riƙe wat-awa 30 zuwa 40. Kilo ɗaya na batirin litiyam ya kan riƙe 150 zuwa 270. Motar lantarki matsakaiciya tana bukatar wat-awa kamar 60,000. Da batirin dalma za a sa mata, sai ya kai kilo 1,700, watau nauyin buhun masara goma sha bakwai, kafin mutum ɗaya ya shiga. Shi ya sa motar lantarki ba ta yi kasuwa ba sai da litiyam ya zo.

3. Abin da a ke nema ga daskararren batir

Dabarar ita ce a fitar da ruwan nan mai kama wuta, da ledar, a sa wani siririn abu mai tauri a madadinsu, wanda ayon za su iya ratsawa ta cikinsa. Abin kamar ba zai yiwu ba, amma tun shekarun 1830 Michael Faraday na Ingila ya gano akwai daskararrun abubuwa da ayon ke ratsawa in sun yi zafi. Tun 1972 kuma a ke dasa wa masu ciwon zuciya wata 'yar na'ura mai ƙaramin batir irin wannan, wanda ya kan yi shekaru yana aiki cikin jikin mutum. Ƙarami ne mai ba da wuta kaɗan. Yin babba wanda zai tura mota, shi ne aikin da ya sha kan masana.

Riba uku su ke hange. Ta farko, ragin hatsarin gobara, tun da an fitar da abin da ya fi saurin kamawa. Ta biyu ita ce babba. A batirin litiyam na yanzu, gefen ɗebewa an yi shi da girafayit, watau baƙin abin nan da ke cikin fensir, shi ne rumbun da litiyam ke sauka in an yi caji. Rumbun nan yana da nauyi, yana cin wuri. In mashigi mai tauri ne, ana sa ran a zubar da rumbun a sa ƙarfen litiyam tsantsa. Da haka a ke fatan kilo ɗaya ya riƙe wat-awa 400 zuwa 500. Ta uku, saurin caji, da jure zafi fiye da na yanzu. Wannan ta ukun ta shafe mu, gama a watan Maris da Afrilu zafin ƙasarmu ya kan kai digiri 40.

4. Me ya sa ya daɗe bai fito ba?

Jagora ya zuba ruwa a kan soso. Kowa ya ga yadda ruwa ya shiga kowane rami ba da wahala ba. Sa'an nan ya haɗa tsingaro biyu, ya ɗaga su wajen rana. Haske yana ɓullowa ta tsakaninsu, domin wurare kaɗan ne kawai suka taɓa juna. To, wahala ta farko ke nan. Ruwa ya kan kai ko'ina, amma abu mai tauri da abu mai tauri ba su manne sosai, kuma duk inda aka sami rata, ayon ba su da hanya.

Wahala ta biyu, cikin batir ya kan kumbura in an yi caji, ya motse in an yi amfani da shi, kamar ƙofar katako da ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Ruwa ba ya damuwa da wannan. Abu mai tauri kuwa, in aka yi ta yi sau ɗari-ɗari, sai ya tsage ko ya rabu da maƙwabcinsa. Saboda haka a ɗakin gwaji sau da yawa sai an matse batirin da ƙarfi ƙwarai, kuma ƙarfen matsewar yana ƙara nauyi da kuɗi.

Wahala ta uku, ƙarfen litiyam ba ya kwanciya sumul in ana caji da sauri. Ya kan fid da 'yan tsinkuna kamar allura. Da an ɗauka mashigi mai tauri zai tare su, sai aka ga su kan bi ƙaramar tsaga su yi ta kutsawa, kamar yadda saiwar cediya ke fasa katanga a hankali. In tsinke ya kai wancan gefe, batir ya mutu.

Har wa yau, kowane abu da a ke gwadawa a matsayin mashigi yana da nasa ciwon. Iri uku ne. Na roba yana da sauƙin yi, amma ba ya aiki sosai sai ya yi zafin digiri 60 zuwa 80. Na tangaran ba ya jin wuta, amma yana da saurin fashewa, kuma sai an gasa shi da wuta mai zafin digiri 1,000 ko fiye. Na farar wuta shi ne ya fi barin ayon su yi gudu. A 2011 Farfesa Ryoji Kanno da abokan aikinsa a Tokyo suka samo irinsa wanda ya kamo ruwa wajen sauri. Amma in danshi ya taɓa shi, ya kan fid da iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda haka sai a ɗaki busasshe ƙayau a ke iya aikinsa. Duk wannan kuɗi ne. A gefe guda kuma batirin litiyam na yanzu sai ƙara araha ya ke yi. Abin da a ke saya fiye da dala 1,000 a 2010, watau wat-awa 1,000 na batirin litiyam, ya sauko zuwa dala 115 a 2024. Sabon batir dole ya yi takara da wannan.

5. Ina aka kai?

Kamfanin Bolloré na Faransa ya sa irin na roba a ƙananan motocin haya na birnin Faris daga 2011 zuwa 2018, ya kuma sa shi a motocin bas. A watan Afrilu na 2022 bas biyu daga cikinsu suka ƙone a Faris, aka janye 149 daga hanya domin bincike. Mu lura da wannan. Wanda ya ce mana akwai batir da ba ya kama wuta ko kaɗan, ya wuce gona da iri.

A 2023 kamfanin Toyota ya ce yana sa ran fara sayar da mota mai daskararren batir a 2027 ko 2028, wadda za ta yi kilomita 1,000 da caji ɗaya, a kuma yi mata caji cikin minti goma. Shi dai kamfanin ya taɓa sa lokaci a farkon shekarun 2020, bai cika ba. Samsung SDI na Koriya ya sa 2027. A 2025 kamfanin Mercedes-Benz ya gwada wata mota daga Stuttgart a Jamus zuwa Malmö a Suwidin, kilomita 1,205, ba a tsaya caji ba. Motar gwaji ce. A ƙasar Sin kuwa an fara sayar da motoci masu batir rabi da rabi, wanda aka rage ruwansa amma ba a raba shi da shi ba.

Har zuwa ƙarshen 2025, ban da irin na roba mai bukatar zafi, babu motar da a ke sayar wa jama'a da yawa mai cikakken daskararren batir. In ya fito, motocin masu kuɗi zai fara shiga. Saboda haka wanda ya kawo mana shi yau a kasuwar Bena ko ta Zuru domin sola, mu yi masa godiya, mu riƙe kuɗinmu.

ZAMA NA BIYU

6. Abin hawa mai lantarki a ƙasarmu

Kada mu ɗauka maganar Turai ce kaɗai. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka. A kamfanin General Motors shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, mai tafiya da batir. Ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa ne kuma aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. A Maiduguri wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur. Litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a 2024. Mun ji a jikinmu wajen kuɗin niƙa, da kuɗin kai buhu kasuwa, da kuɗin kai mai naƙuda asibiti a Wasagu ko Ribah ko Zuru. A ganinmu abin da zai fara iso mu shi ne babur da keke mai ƙafa uku masu lantarki, masu batirin litiyam na yanzu. Galibinsu su kan yi kilomita 60 zuwa 100 da caji ɗaya in hanya mai kyau ce. Kaya mai nauyi da yashi da taɓo su kan rage wannan. Ɗan kabu-kabu da ke sha'awar saye ya fara tambayar kansa abu uku: ina zan yi caji, wa zai gyara mini, nawa ne sabon batir in wannan ya gaji? Batir shi ne abu mafi tsada a jikin babur ɗin.

7. Dutsen litiyam da gonakinmu

Kowane irin batir ya ci kasuwa, na yanzu ko daskararre, litiyam ya ke ci. Ana haƙo dutsensa a jihohi da dama na Nijeriya, har da Libata a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta jiharmu. A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. A shekarar nan kuma 'yan jarida suka sami yara ƙanana suna fasa dutse a ramukan haƙa marasa izini a can, maimakon su kasance a makaranta. Ba abin mamaki ba ne wata rana baƙo ya zo da mota ya nemi hayar gonar wani ɗan'uwa.

Ga abin da ya kamata mu sani. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, kuma ba mai ikon haƙa sai da lasin. Dole a nemi yardar mai gona, a biya shi diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine. Kamfanin da zai yi babbar haƙa kuwa dole ya yi yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin kafin ya fara, a riƙa sake dubanta duk shekara biyar. Kada kowa ya dangwala hannu a takarda shi kaɗai. A kira mai unguwa da dattawa da wanda ya iya karatu sosai, a nemi ganin lasin, a rubuta wanda zai cike rami in an gama.

Mu kuma tuna kasuwar dutse hawa da sauka ta ke yi. Farashin litiyam a duniya ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, kafin ƙarshen 2024 ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100. In farashi ya faɗi mai haƙa ya kan naɗe kayansa ya tafi. Gonar da aka tone aka binne ƙasarta ta sama ba ta komawa yin dawa da wuri. Karatunmu na Farawa ya nuna aiki biyu aka ba mutum a gonar Allah, nomanta da tsaronta. Amana ce, kuma jikokinmu suna da rabo a ciki.

8. Lissafi kafin saye

A Luka 14 Ubangiji ya yi maganar mai ginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna. Bari mu yi na ɗakin shan maganin nan tare, a allo.

Ƙwan fitila 4, kowane wat 5, awa 6: wat-awa 120.
Fanka 1, wat 30, awa 4: wat-awa 120.
Cajin wayar hannu 10, kowace wat-awa 15: wat-awa 150.
Jimla: wat-awa 390 a yini.

A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu domin wutar da ke ɓacewa a hanya, ya zama kamar 500. A ninka biyu saboda hadarin Agusta da hazon hunturu, ya zama 1,000.

Domin sanin abin da batir ya ke riƙewa, a ninka bolt da amfa-awa, watau lambar da aka rubuta Ah a gabanta. Batirin dalma mai bolt 12 da Ah 200 ya ba da 2,400. Amma rabi kawai a ke sha, in an wuce haka kullum zai mutu da wuri. Saura 1,200, ya isa. Batirin litiyam irin da a ke rubuta wa LFP, mai bolt 12.8 da Ah 100, ya ba da 1,280. Shi ana iya shan kashi 80 cikin 100, watau 1,024. Shi ma ya isa.

Wanne ya fi araha? A raba kuɗin batir da yawan kwanakin da zai yi aiki. A ce na dalma naira 250,000 ne, ya yi kwana 800, ya kama kamar naira 312 a yini. A ce na LFP naira 450,000 ne, ya yi kwana 2,500, ya kama naira 180 a yini. Kuɗin nan misali ne kawai, ku sa farashin da kuka tarar a kasuwa. Na LFP na ƙwarai ya kan jure caji 2,000 zuwa sama, kuma shi ya fi sauran dangin litiyam wuyar kama wuta. Amma akwai jabu da yawa, da waɗanda aka harhaɗa daga tsofaffi. Sai a nemi rasit da takardar garanti, a kuma tabbata kwantirolar solar ta dace da shi.

Sikeli ma ya kan tona asiri. Batirin dalma mai Ah 200 na gaskiya ya kan kai kilo 55 zuwa 65, fiye da rabin buhun masara. In bai kai ba, an rage dalma. Na LFP mai Ah 100 kuwa kilo 10 zuwa 14 ne. In an ce maka irin wannan ne amma mutum biyu ne ke ɗaga shi, dalma ce. Kada kuma a sa batirin tada mota a sola, ba domin wannan aiki aka yi shi ba.

9. Kiyaye lafiya

Dalma guba ce, ta fi kuma yi wa yara da mata masu ciki ɓarna. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtanmu, yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. A 2008, a wata unguwa kusa da Dakar ta Senegal, yara 18 suka mutu inda a ke fasa tsofaffin batura domin sayar da dalmarsu. Wanda ya tsira ma ta kan taɓa ƙwaƙwalwarsa, karatu ya yi masa wuya har abada. Saboda haka:

(a) Kada a fasa tsohon batir a gida, kada a narkar da dalmarsa, kada a mai da kwanonsa mazubin ruwan kaji ko na wanka. A mayar wa mai sayarwa yadda ya ke.

(b) A ajiye batir a inuwa mai iska, a kan katako, inda yara ba su kai. Duk ƙarin zafin digiri 10 bisa 25 ya kan rage kusan rabin ran batirin dalma. Ƙarƙashin kwano kai tsaye ba wurinsa ba ne.

(c) Batirin dalma ya kan fid da iska mai fashewa in ana caji. Kada a kusance shi da ashana ko aci-bal-bal. Mai buɗaɗɗen baki, tataccen ruwa na batir kaɗai a ke ƙara masa, ban da ruwan rijiya, ban da asid.

(d) In asid ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti goma sha biyar, sa'an nan a tafi asibiti.

(e) Batirin litiyam da ya kumbura, ko ya fashe, ko ya ke zafi ba dalili, a fid da shi waje a kan ƙasa, nesa da danni da rumbu. Kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta. In ya kama, a janye mutane daga hayaƙin. Ya kan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu.

(f) Kada a yi cajin babur ko babban batir a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar da a ke fita.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin batirin dalma mai rufaffen baki da batir mai daskararren ciki?
2. Wane darasi muka koya daga soso da tsingaro?
3. Tsofaffin batura nawa ne ke yashe a gidajenmu da harabar majami'a? Wa ke wasa kusa da su?
4. In baƙo ya nemi hayar gonar ɗan'uwa domin haƙar dutse, me ekklesiya za ta yi? Yaya za mu haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi da masu sarauta a kan wannan?
5. Wace dabara za mu bi domin kada ma'aji ya ɗauki nauyin babban saye shi kaɗai?

Aikin wannan wata

Matasa su zaga gida-gida su ƙidaya tsofaffin batura, a tara su wuri ɗaya mai rufi da makulli, a nemi mai sayarwa ya zo ya ɗauka. Kowace ƙungiya mai sola ta yi lissafi irin na sashe na 8, ta kawo mana a taron malaman gona mai zuwa, mu duba tare. Ekklesiyar da muka ba da labarinta ta yi nata lissafin, ta ƙara jira har kasuwa uku, sa'an nan ta aiki mutum uku suka sayo.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai ka ajiye ƙarfe a cikin dutse, ka ba mutum hankalin sarrafa shi. Ka ba mu hikima wajen kashe kuɗin da jama'arka suka tara da gumi. Ka tsare 'ya'yanmu daga guba, ka tsare gonakinmu, ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.